Da Rashin Tayi Akan Bar Araha: Shawo Kan Shugabanni Su Karɓi Buɗaɗɗen Rumbun Bayanai

Kowane kamfani, ƙarami ko babba, yana da dukiya iri biyu. Akwai wadda ido ke gani, kamar gini da motoci da kayan da ke jibge a sito. Akwai kuma wadda ba a cika tunawa da ita ba sai ranar da ta salwanta, wato bayanan harkar: wa ya sayi kaya, nawa ya biya, nawa ake bin sa, buhu nawa ya rage, wane ma'aikaci aka biya albashi, wane ne ba a biya ba. A da, manyan littattafan akawu ne ke riƙe da wannan amana, a kulle su a sef idan an tashi aiki. A yau manhajar kwamfuta ce ke riƙe da ita, wadda ake kira rumbun bayanai. Duk lokacin da mai karatu ya cire kuɗi a wurin mai POS, ko ya duba sakamakon jarrabawa a intanet, ko aka nemo masa katinsa na asibiti ta kwamfuta, wani rumbun bayanai ne ya amsa tambayar.

Rumbunan nan sun kasu gida biyu. Kashi na farko mallakar kamfanoni ne da suka rufe asalin rubutun manhajarsu, suna sayar da lasisin amfani da ita. Fitattu a cikinsu su ne Oracle da Microsoft SQL Server da Db2 na kamfanin IBM. Kashi na biyu su ne masu buɗaɗɗen tushe, waɗanda asalin rubutunsu yake a fili, kowa yana da damar ya sauke, ya karanta, ya yi amfani da su a kasuwancinsa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. A nan ake samun PostgreSQL da MySQL da MariaDB.

Na daɗe ina lura da wani abu da ke maimaituwa a ofisoshinmu. Matashin injiniya zai shiga wurin manajan darakta cike da zumuɗi, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai manhaja kyauta da za ta yi mana aikin nan da muke kashe wa miliyoyi." Shugaba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Malam, araha ba ta ado. In ta lalace wa za mu kama?" Daga nan magana ta mutu, matashi ya fito yana ƙorafin cewa manya ba su fahimci zamani ba.

A ganina shugaban bai yi laifi ba, tambayar mai hankali ya yi. Matsalar tana wajen tayin. Kalmar "kyauta" ita ce mafi raunin hujjar da za a shiga da ita ofishin mutumin da aka damƙa wa dukiyar jama'a. Duk mai son shawo kan shugabanni sai ya yi magana da harshen da suke tunani da shi, harshen da kalmominsa uku ne: kuɗi, haɗari, da wanda zai ɗauki alhaki.

Ba aikin yara ba ne

Abin da ya kamata a fara kawarwa shi ne zaton cewa buɗaɗɗiyar manhaja wasa ce da ɗalibai ke yi a lokacin hutu. PostgreSQL ta samo asali ne daga wani aikin bincike da Farfesa Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka tun 1986, kuma a 1996 ta ɗauki sunan da aka san ta da shi yanzu. Shi wannan malami an ba shi lambar yabo ta Turing ta shekarar 2014, wadda ita ce mafi girma a fagen kimiyyar kwamfuta, saboda gudummawarsa ga ilimin rumbun bayanai. Masu kula da PostgreSQL suna fitar da sabuwar babbar siga duk shekara, suna kuma ci gaba da gyara kowace siga har tsawon shekara biyar. Wannan tsari ne da kamfani zai iya ɗora kasafinsa da jadawalinsa a kai.

MySQL kuwa wani kamfani ne na ƙasar Suwidin ya fitar da ita a 1995. A 2008 kamfanin Sun Microsystems ya saye shi a kan kusan dala biliyan ɗaya, sannan a 2010 Oracle ya haɗiye Sun ɗin gaba ɗaya. Abin da babu daraja a cikinsa ba a zuba masa irin wannan kuɗi. Da cinikin Oracle ya taso, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL, Michael Widenius, ya ɗauki asalin rubutun ya ci gaba da gina shi da sabon suna, MariaDB, a 2009. A cikin wannan labari akwai darasin da shugaba zai gane nan take: idan mai buɗaɗɗiyar manhaja ya sauya hannu ko ya sauya hali, masu amfani da ita suna da mafita. Mai rufaffiyar manhaja in ya sauya farashi ko sharaɗi, sai dai a bi ko a bari.

Shi kansa shugaban da ke shakka yana yawo da irin wannan manhaja a aljihunsa. Kowace wayar Android da iPhone tana ɗauke da wani ƙaramin rumbun bayanai mai suna SQLite, wanda asalin rubutunsa yake a fili, kuma a cikinsa WhatsApp ke adana saƙonni a kan waya. Facebook ya girma ne a kan MySQL. Wikipedia ta koma MariaDB a 2013. Instagram ya tashi a kan PostgreSQL. A nan gida ma, manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta Norwe ke jagorantar ginawa, wadda Najeriya da Nijar da Gana ke amfani da ita wajen tattara alƙaluman lafiya daga asibitoci da ƙananan cibiyoyin shan magani, a kan PostgreSQL take zaune. Saboda haka maganar "ba a taɓa gwadawa a nan ba" ba ta da tushe.

Lissafin dala da naira

Hujja ta farko da ke shiga kunnen shugaba ita ce ta kuɗi, amma sai an kawo ta da alƙalami. Bari in ba da misali da farashin da Oracle ya daɗe yana wallafawa na babbar sigar rumbunsa ta manyan kamfanoni: dala 47,500 kan kowane lasisin furosesa, da ƙarin kashi 22 cikin ɗari na wannan kuɗi duk shekara a matsayin kuɗin kulawa. A tsarin ƙidayar kamfanin, babbar kwamfuta mai furosesar Intel da ke da ƙwayoyin aiki takwas tana buƙatar lasisi huɗu. Dala 190,000 ke nan a karon farko, sannan dala 41,800 kowace shekara. Gaskiya ne manyan masu saye kan sami ragi, akwai kuma ƙananan sigogi masu sauƙin farashi, amma tsarin bai sauya ba: ana biya da dala, ana biya duk shekara, kuma kuɗin yana ƙaruwa ne daidai da yadda kamfani ke girma.

Yanzu a ɗora wannan a kan abin da ya sami naira. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji, dala tana wajen naira 460 a hukumance. Cikin watannin farko na 2024 ta haura naira 1,500. Wancan kuɗin kulawa na dala 41,800 da a da yake kusan naira miliyan 19, ya koma fiye da miliyan 62, alhali ba a ƙara wa kamfani ko maɓalli ɗaya ba. Kamfanin da ke sayar da shinkafa ko magani ko siminti da naira, amma yake biyan hayar rumbun bayanansa da dala, ya ɗaura wa kansa wani bashi da ba shi ke yanke girmansa ba. Babu darakta mai kula da kuɗi da zai ji wannan bayani ya ce bai shafe shi ba.

Akwai kuma wani kuɗin da ba ya fitowa a takardar farko. Yarjejeniyoyin lasisi sukan ba kamfanin manhaja damar zuwa ya binciki yadda ake amfani da kayansa. Idan aka tarar an ƙara wa kwamfuta ƙarfi, ko an kunna wani sashe na manhajar da ke da lasisinsa daban, sai takardar biya ta biyo baya. Wani lokaci ma'aikaci ne ya kunna sashen ba tare da sanin cewa na kuɗi ba ne. A ɗaya gefen kuma, mu faɗa wa kanmu gaskiya, ofisoshi da yawa a ƙasar nan manhajar sata suke amfani da ita. Wannan ya fi kowanne muni, domin ba ta samun facin tsaro yadda ya kamata, kuma ranar da kamfani ya nemi hulɗa da babban banki ko abokin ciniki na waje aka zo tantance shi, asiri zai tonu. Buɗaɗɗen rumbun bayanai yana raba kamfani da waɗannan fargaba biyu a lokaci guda: ka kafa kwafi ɗaya ko ashirin, ba ka karya doka ba, ba kuma wanda zai turo maka takarda.

Sai dai a nan ne masu tayi suke yin tuntuɓe, domin sukan rubuta sifili a gurbin kuɗin sabon tsari. Shugaban da ya san duniya yana ganin sifilin nan zai daina karanta takardar. Lasisi ne kawai babu kuɗinsa. Kwamfutar da za a ɗora rumbun a kanta ta kuɗi ce, haka wutar da za ta riƙe ta, da janareta ko sola da batir. Horar da ma'aikata na kuɗi ne, ƙaura daga tsohon tsari ta kuɗi ce, haka albashin ƙwararren da zai kula da shi. Abin da ya dace shi ne a jera hanyoyin biyu gefe da gefe na tsawon shekara biyar, a sa kowane kashe-kashe a ciki, a kuma ware abin da za a biya da dala daga abin da za a biya da naira. A nan ne bambancin gaske ke bayyana: mafi yawan kuɗin buɗaɗɗen tsari albashi ne da horo, waɗanda ake biya da naira, kuma ilimin da aka saya yana zama a cikin gida.

"Wa za mu kama?"

Wannan ita ce tambayar da ke kwance a ƙarƙashin duk sauran. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Manajan da ya sayi kaya daga shahararren kamfani, in abu ya lalace, yana da abin faɗa wa hukumar daraktoci. Wanda ya amince da shawarar wani yaro a sashen kwamfuta, shi kaɗai zai amsa. Duk tayin da bai kula da wannan tsoro ba ya faɗi tun kafin a saurare shi.

Amsar tana da rassa biyu. Na farko, a roƙi shugaba ya sa lauyan kamfani ya karanta yarjejeniyar lasisin da ake biya yanzu, musamman sashen iyakar diyya. A mafi yawan irin waɗannan takardu, kamfanin manhaja ya wanke kansa daga asarar riba da asarar bayanai, kuma diyyar da zai iya biya ba ta wuce abin da aka biya shi ba. Wato abin da ake saye da kuɗin kulawa shi ne damar buga waya a nemi taimako da damar karɓar gyare-gyare. Babu wanda ya yi alƙawarin mayar maka da cinikin da ka rasa.

Na biyu, ita wannan damar ta buga waya ana sayar da ita a ɓangaren buɗaɗɗiyar manhaja ma. Kamfanoni irin su EDB da Percona sana'arsu ke nan, suna sa hannu a kwangilar kulawa dare da rana. Manyan masu ba da hayar kwamfuta ta intanet, wato Amazon da Microsoft da Google, dukkansu suna ba da hayar PostgreSQL da MySQL da su ke kula da su. Microsoft, mai SQL Server da kansa, ya sayi wani kamfanin PostgreSQL mai suna Citus Data a 2019. Bambancin shi ne a nan masu kulawa suna da yawa. Wanda bai gamsar ba sai a sallame shi a ɗauko wani, rumbun yana nan yadda yake. Amma a lura, kwangila da kamfanin waje ko haya ta intanet ita ma da dala ake biya, don haka a sa ta a lissafi ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Dogaro da kamfani guda yana da wani haɗarin da ya wuce na farashi. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren da yaƙi, Oracle ya dakatar da ayyukansa a Rasha, Microsoft ma ya dakatar da sabon ciniki a can. Ko mene ne ra'ayin mutum game da yaƙin, darasin kasuwanci a bayyane yake: shawarar da aka yanke a wata ƙasa tana iya katse wa kamfani kulawar da ya dogara da ita dare ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Batun tsaro

Shugabanni da dama suna tunanin cewa idan kowa na iya karanta asalin rubutun manhaja, to ɓarawo ma ya ga hanyar shiga. Tunanin yana da ma'ana a fuska, amma tarihi bai goyi bayansa ba. A watan Janairun 2003, wata muguwar manhaja da aka yi wa laƙabi da Slammer ta bi ta wata ɓaraka a Microsoft SQL Server, ta kama dubun-dubatar kwamfutoci cikin mintoci. Rubutun manhajar a rufe yake, kuma Microsoft ya riga ya fitar da facin ɓarakar wata shida kafin nan. Masu kula da kwamfutocin ne ba su liƙa shi ba. A ɗaya ɓangaren, a watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, ɗaya daga cikin masu gina PostgreSQL, ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga wata kwamfuta. Ya bi diddigi har ya gano wata ƙofar sirri da aka dasa a cikin wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja mai suna XZ Utils, kafin ta bazu a duniya. Labarin yana nuna abu biyu: mugu yana iya kutsawa cikin buɗaɗɗen aiki, kuma buɗewar ce ta ba wani damar kama shi.

Abin da nake so shugaba ya fahimta shi ne mafi yawan ɓarnar bayanai daga sakaci take zuwa: kalmar sirri ɗaya da kowa ya sani, rumbun da aka bari a buɗe ga intanet, facin da ba a liƙa ba, tsohon ma'aikacin da ya bar aiki ba a rufe masa hanyar shiga ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta kafa hukumar kula da wannan fanni, ta ɗora alhakin kare bayanan mutane a wuyan wanda ya tattara su, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka sami kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Dokar ba ta tambayi sunan manhajar da aka saya ba.

Haka batun kwafin ko-ta-kwana. A ƙarshen Janairun 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab ya goge bayanan babban rumbunsu na PostgreSQL bisa kuskure. Da aka juya ga hanyoyin ajiyar da aka tanada, sai aka tarar yawancinsu ba sa aiki, har aka yi asarar bayanan kusan sa'o'i shida. Kamfanin da kansa ya wallafa labarin dalla-dalla. PostgreSQL tana da tsarin rubuta kowane canji a wani kundi kafin ta aiwatar da shi, wanda ke ba da damar mayar da rumbu yadda yake a wani takamaiman lokaci, tana kuma iya kwafar kanta kai tsaye zuwa wata kwamfuta a wani gini. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, waɗannan abubuwa ne masu muhimmanci ƙwarai. Amma kayan aikin da ba a gwada ba daidai yake da babu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda ya kamata a dakata

Mai tayin da ya faɗi raunin hajarsa da bakinsa ya fi samun amincewa. Akwai wuraren da ƙaura ba ta dace ba, ko ba ta dace yanzu ba. Idan babbar manhajar da kamfani ke aiki da ita, kamar ta banki ko ta inshora, mai ita ya ce a kan rumbu kaza kawai yake ba da tabbaci, to sauya rumbun yana nufin rasa wannan tabbaci. Idan an shafe shekaru ana rubuta dokokin kasuwanci a cikin harshen PL/SQL na Oracle, sai an fassara su zuwa na PostgreSQL, kuma ko da yake akwai kayan aiki kamar ora2pg da ke rage wahalar, dole mutum ya bi layi-layi ya gwada. Idan mutum ɗaya ne tak ya iya sabon rumbun a duk kamfanin, to an sauya dogaro da kamfanin waje zuwa dogaro da ma'aikacin da gobe zai iya samun aiki a Legas ko Kanada. Mafi ƙaranci a horar da mutum biyu, a kuma rubuta komai a ajiye.

Mu da ke ƙasar nan mun ɗanɗana zafin sauya tsari. A 2024 wasu manyan bankuna sun sauya babbar manhajarsu, jama'a suka kwashe kwanaki suna fama da tura kuɗi da ganin abin da ke asusunsu. Shugaban da ya tsaya a layin banki a lokacin ba zai manta ba, kuma yana da gaskiya idan ya nemi a nuna masa yadda nasa kamfanin zai kauce wa irin haka. Ko Amazon, da duk ƙarfinsa, shekaru ya ɗauka kafin ya sanar a watan Oktoban 2019 cewa sashensa na sayar da kaya ya kashe rumbun Oracle na ƙarshe, bayan ƙaurar da bayanai daga kusan rumbuna 7,500 zuwa nasa tsare-tsaren.

A kuma duba lasisin da kyau, domin ba duk abin da ake kira buɗaɗɗe ne yake ɗaya ba. MongoDB ta sauya lasisinta a 2018, Redis ta yi haka a 2024, duk bisa shawarar kamfanin da ya mallake su. MySQL tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke da sharuɗɗa ga mai son cusa ta cikin manhajar da zai sayar wa wasu. PostgreSQL kuwa lasisinta mai sassauci ne, kuma babu kamfani guda da ya mallake ta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa nake fara ambaton ta idan aka nemi shawarata.

Yadda ake shiga ofis

Shawarata ga matashin da ke son kai wannan magana gaba ita ce kada ya fara da manajan darakta. Ya fara da babban akanta, domin shi ne ke jin zafin takardar dala duk shekara, kuma alƙaluman gaske suna hannunsa. Ya bi ta wurin odita na cikin gida, ya tambaye shi abin da zai so ya gani game da wanda ya shiga rumbu da abin da ya taɓa. Ya zauna da tsohon ma'aikacin da ya shekara goma yana kula da tsarin yanzu, wanda zai iya ɗaukar sauyin a matsayin barazana ga kujerarsa. Harshen tambayar rumbu, wato SQL, kusan ɗaya ne a ko'ina, saboda haka ƙwarewar wannan dattijo ba za ta tashi a banza ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan waɗannan uku suka shiga taro suna tare da kai, rabin aikin ya ƙare.

Sannan kada a nemi a rushe gida gaba ɗaya. A zaɓi aiki ƙarami wanda in ya tsaya kwana ɗaya ciniki ba zai tsaya ba: rajistar kayan ofis, ko rahoton wata-wata, ko wani lissafin da yanzu yake warwatse a takardun Excel a kwamfutoci biyar, kowace da nata adadin. Mafi sauƙi ma shi ne sabon aikin da ba a fara ba, wanda babu tsohon kaya da za a kwashe. A yanke wa gwajin wa'adi, misali wata uku, a rubuta tun farko abin da za a auna: saurin fitar da rahoto, yawan lokacin da tsarin ya tsaya, kuɗin da aka kashe. A rubuta hanyar komawa tsohon tsari idan abu ya ƙi. Shugaba yakan fi sakin jiki da shawarar da ke da ƙofar fita.

Akwai wani gwaji da na ga yana sauya fuskar shugabanni fiye da kowace takarda. A gayyace su, a kashe kwamfutar gwajin a gabansu kamar wuta ta lalata ta, a sa agogo, a dawo da bayanan daga kwafin ko-ta-kwana a kan wata kwamfutar, a ba akanta ya duba ko adadi ya cika. Gani ya kori ji. Bayan an gama, a nemi izini cikin ladabi a yi irin wannan gwaji a kan tsarin da ake biya wa miliyoyi. Ko da ba a sauya komai ba daga ƙarshe, kamfani ya ƙaru da sanin halin da ajiyarsa take ciki.

Takardar da za a miƙa kada ta wuce shafi ɗaya ko biyu: ga abin da muke biya, ga abin da za mu biya, ga haɗarin kowace hanya, ga sunan wanda zai ɗauki alhaki, ga abin da muke roƙo a amince da shi yau. A bar dogon bayanin fasaha a rataye ga mai son karantawa. A kuma guji zagin kamfanin da ake hulɗa da shi, domin wataƙila wanda ake gaya wa shi ne ya sa hannu a kwangilar.

Ga shugabanni kuma, ina da tambayoyi uku da ya kamata su yi wa sashen kwamfutarsu a wannan mako, ko suna da niyyar sauyi ko babu. Nawa muka biya na lasisi da kulawa a shekaru uku da suka wuce, kuma da wane kuɗi? Idan muka daina biya gobe, me zai sami bayananmu, kuma za mu iya fitar da su zuwa wani wuri? Yaushe ne ranar ƙarshe da aka gwada dawo da kwafin ajiyarmu, kuma minti nawa aka ɗauka? Wanda ya sami amsoshin nan a rubuce zai iya zama da kowane mai tayi, na gida ko na waje, ya yi ciniki da idonsa a buɗe. Jami'o'inmu da kwalejojinmu suna yaye matasa duk shekara da za su iya sauke PostgreSQL a kwamfutar cinyarsu yau su fara koyo ba tare da neman izinin kowa ba. Miliyoyin da ke fita waje duk shekara a matsayin kuɗin kulawa, ko kaɗan daga cikinsu aka juya zuwa albashi da horo, sun isa su mayar da waɗannan matasa ƙwararrun da za a kira idan rumbu ya sami matsala da tsakar dare.